Ina son haɗa gidan iyali da shagon walda a ginin ƙarfe ɗaya, ina neman shawara

Mai Walda, Kano:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Sana'ata walda ce, ina haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, kuma shekara 14 ke nan ina biyan hayar shago daban, hayar gida daban. Bara Allah ya hore mini fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo a bayan gari, tun daga lokacin nake ta tunanin yadda zan rabu da hayar biyu gaba ɗaya. A YouTube na ga irin ginin da ake yi a karkarar Amurka, musamman a jihar Teksas, inda ake kafa babbar rumfar ƙarfe a rufe ta da kwano, rabi ya zama wurin aiki, rabi ya zama gidan kwana. Tunda ƙarfe aikin hannuna ne, ni da yarana za mu iya haɗa ginshiƙai da kan ginin da kanmu, abin da zai rage mini kuɗi mai yawa.

Abin da na tsara shi ne shago a gaba, ɗakuna 3 da falo da kicin a baya, duka a ƙarƙashin rufi ɗaya, a raba su da bangon langalanga mai soso a tsakiya, sannan a buɗe ƙofa a jikin bangon domin in riƙa shiga gida ba sai na zagaya ba. Ina aiki da injin walda na lantarki da tukwanen gas da injin yankan ƙarfe da janareta, kuma ina fesa fenti. 'Ya'yana 4 ne, babbar tana da shekara 9, ƙaramin yana goye. Maiɗakina ba ta yi na'am da tsarin ba, ta ce ba za ta kwana da 'ya'yanta a jikin tukunyar gas ba. Ina roƙon waɗanda suka san gini da waɗanda suka taɓa zama a irin wannan wuri su faɗa mini gaskiya: abin yana yiwuwa ba tare da na jefa iyalina cikin haɗari ba?

Injiniyan Gini, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a fulotin. Abin yana yiwuwa, amma ba da bangon da ka ambata ba, kuma ba da wannan ƙofa ba. A kan wannan batu ina bayan uwargida.

Kuskuren da masu aikin ƙarfe suka fi yi shi ne ɗaukar cewa tunda ƙarfe ba ya cin wuta, ginin ƙarfe ba ya tsoron gobara. Ƙarfe ba ya ci, gaskiya ne, amma yana laushi, kai ma shaida ne tunda da wuta kake lanƙwasa shi kullum. Idan zafi ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, ƙarfen gini yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma gobarar da ta kama fenti da tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) da fetur a rufaffen wuri takan kai wannan zafi cikin 'yan mintuna. To idan ginshiƙai da kan gini ɗaya ne suka ɗauki shago da ɗakunan kwana, duk sa'ad da ɓangaren shago ya lotsa zai janyo na gida tare da shi. Ban da wannan, langalanga tana ɗaukar zafi daga fuska ɗaya zuwa ɗaya nan take, ta yadda labule ko katifar da ke jingine da bangon ta cikin ɗaki za ta iya kamawa alhali harshen wuta bai ratso ba. Sosan da kake son sawa a tsakiya kuwa shi kansa makamashi ne, yana narkewa, yana ci, yana fitar da baƙin hayaƙi mai kisa. Idan dole sai an sa wani abu don tare zafi, a nemi audugar dutse ko ta gilashi, waɗanda ba sa ci.

Bangon da zai raba ku ya zama na bulo mai inci 9, a cika ramukansa da kankare, a yi masa filasta ciki da waje. Wurin da nake son ka fi kula shi ne samansa. Na sha ganin bango mai kyau ya tsaya daidai silin, daga nan zuwa kwano fili ne fetal tun daga shago har ɗakin yara, kuma ta wannan sarari ne hayaƙi da wuta suke bi, ba ta jikin bango ba. Saboda haka bangon ya hau har ya wuce kwano da kamar rabin mita, ya yanke rufin gida biyu, kowane ɓangare da nasa ginshiƙan, kada ƙarfe ko katako ko ɗaya ya ratsa daga nan zuwa can. Silin ɗin roba da ya zama yayi a yanzu kada ya shiga ɗakunan da ke kusa da wannan bango, domin narkewa yake yi yana ɗiga a kan mutane.

Su ma Amurkawan da ka gani, hotunan ba sa nuna maka dokar da ke kansu. Ƙa'idar ginin gidaje da mafi yawan jihohinsu ke bi ta hana buɗe ƙofa kai tsaye daga garejin mota zuwa ɗakin kwana, ta kuma ce ƙofar da ke tsakanin gareji da sauran gida ta zama mai kauri ko wadda za ta jure wuta na minti 20, a kuma lulluɓe bangon da allon jifsam, wani allo mai jure wuta, ta ɓangaren garejin. Wannan fa don ajiye mota kawai, ba don wurin da ake watsa tartsatsi daga safe zuwa yamma ba. Ni shawarata kada a yi ƙofar sam. Ƙofar da aka ce za a riƙa rufewa, kafin wata 2 an tokare ta da dutse don a sha iska.

Batun zafi ma kada ka raina shi. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, kwanon da ke fuskantar rana kuma yakan wuce digiri 60, don haka ɗakin da bangonsa da rufinsa duk langalanga ne tanderu ne ga jariri. Yi shagonka da ƙarfe yadda kake so, amma ɗakunan kwana a yi su da bulo. Kafin ka haƙa tushe kuma, ka kai zanen hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ka bayyana musu cewa akwai wurin sana'a a ciki, domin izinin gidan zama daban yake da na wurin aiki, kuma gara ka ji hukuncinsu tun ginin yana kan takarda.

Ma'aikaciyar Lafiya, Gusau:

Malam, Injiniya ya yi magana a kan wutar da za ta iya tashi rana ɗaya, ni kuma zan yi magana a kan abin da zai riƙa shiga jikin 'ya'yanka kullum ba tare da kowa ya gani ba.

Mu a Zamfara mun ga abin da ke faruwa idan sana'a ta shigo cikin gida. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda yara kimanin 400 suka rasu. Ba ramin haƙar zinariya yaran suka shiga ba. Duwatsun ake kawowa cikin gidaje ana daka su ana niƙawa, ƙurar ta sauka a tsakar gida, yara masu rarrafe su sa hannu a ƙasa su kai baki. Ba na cewa shagonka zai kai wannan matsayi, amma hanyar ɗaya ce. Tsohon fentin da kake gogewa daga jikin ƙarfe yana iya ɗauke da dalma, wasu fentin mai na kasuwa ma haka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa ne, illar kuma ba ta bayyana sai yaro ya shiga makaranta ana cewa ba ya gane karatu. Saboda haka kayan aikinka da takalmanka su tsaya a shago, a wanke su a can, ka wanke hannu da fuska kafin ka ɗauki na goye. Kada a haɗa wankin rigar aiki da na yara a baho ɗaya.

Hayaƙin walda ma ba abin wasa ba ne. A 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya shi cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta huhu. Zazzaɓin nan da ke kama mai walda da daddare bayan ya yi aiki a kan farin ƙarfe mai rufin tutiya, daga hayaƙin yake. Madarar da ake sha bayan aiki abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke huhu. Idan babban mutum yana jin haka a jikinsa, ina ga jaririn da ke numfashi da sauri fiye da shi? Hasken walda kuma yana ƙona ido, yara kuwa ba abin da ke jan hankalinsu kamarsa, don haka kada a bar taga ko huda ko ɗaya da za su riƙa leƙe ta ciki.

Wanda ya fi ba ni tsoro duk cikinsu shi ne janareta. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 ko fiye. Mai barci ba ya farkawa ya ce yana jin wani abu. Kusan kowace shekara muna jin labarin iyalin da aka wayi gari an same su duka a mace saboda an shigo da janareta cikin gida ko lungu don tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Abin da nake gudu a tsarinka shi ne wata rana da daddare a kunna shi a cikin shago a kulle, a ce ai akwai bango. A yi masa keji nasa a waje, inda iska ke ratsawa, aƙalla mita 6 daga kowace taga ko ƙofar ɗaki, bakin hayaƙinsa yana kallon titi. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan wannan iska ta taru, akwai kuma mai jin hayaƙi. A saya a liƙa a hanyar ɗakunan kwana, a riƙa gwada su duk wata. Idan ka ga mutanen gida sun tashi da ciwon kai da jiri a lokaci guda, kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a fitar da kowa waje tukuna.

Tsohon Mai Walda, Kaduna:

Ɗana, na yi shekara 31 a wannan sana'a, 12 daga ciki shagona yana jikin gidana, don haka ba zan ce maka kada ka yi ba. Kuɗin haya yana cin mai sana'a, kuma kusanci da gida yana da daɗinsa. Amma ka lura ko maƙeran da muka gada ba su kafa maƙera a tsakar gida, a ƙofar gida take ko a rumfarta daban, kuma ba don rashin wuri suka yi haka ba.

Inda na ɗan saɓa da Injiniya shi ne, bango komai kaurinsa ba ya gyara halin yaran shago. Ni bangona na bulo ne, amma saura kaɗan in rasa komai. Wata ranar Alhamis mun yanka ƙarfe har gab da magariba, muka rufe muka tafi masallaci, ashe tartsatsi ya faɗa cikin tsummokaran da muke goge fenti da su a bayan wani tebur. Sai bayan isha'i maiɗakina ta ji ƙauri. Da muka buɗe, wutar ta kusa kai galan ɗin tina, kuma ba abin da ya cece mu sai bokitin yashi da ikon Allah. Daga baya ne na ji cewa ƙa'idar masu kashe gobara a Amurka ta ce tartsatsi yana iya kai ƙafa 35, wato kusan mita 11, kuma a wancan lokacin ta ce a tsaya a sa ido aƙalla rabin sa'a bayan an gama aikin wuta, kafin a mayar da shi sa'a 1 a bugunta na 2019. Tun daga ranar na kafa doka cewa ana kashe inji sa'a 1 kafin a rufe, a yi shara, a zuba tsummokaran fenti a garwar ƙarfe mai murfi, ni da kaina nake zagayawa ina shinshina kafin in sa kwaɗo.

Tukwanen gas kada su kwana a jikin bangon gida. A yi musu keji a waje ta gefen titi, a inuwa, a tsaye, a ɗaure da sarƙa, ta iskar oksijin nesa da ta gas mai ci da kamar mita 6 ko a gina ɗan bango tsakaninsu, kuma kada mai ko giris ya taɓa bakin ta oksijin. Idan har yanzu kana amfani da tukunyar kabayid, wato dutsen da ake zuba wa ruwa ya fitar da gas ɗin walda, irin wadda ake haɗawa a gida, to ka rabu da ita kafin ka tare, domin gas ɗinta yana kamawa ko da kashi 3 cikin 100 ne kawai a cikin iska. Tankin mota ko duron da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, duk kuɗin da za a ba ka kada ka karɓi aikinsa a wurin da 'ya'yanka suke kwana.

Sai ƙara. Mu kunnenmu ya riga ya mutu shi ya sa ba ma ji, amma injin yanka yana kai wajen desibel 100 a ma'aunin ƙara, alhali daga 85 ake fara gargaɗi ga mai yini a wurin, kuma ginin langalanga yana amsa ƙara kamar ganga. Uwargida da mai jego da yaro mai karatun dare su ne za su sha wahalar. Ga kuma masu kawo aiki da yaran shago, maza baligai, suna kai da komo. Ba don gobara kaɗai ba, ko don mutuncin gida ya kamata iyalinka su sami ƙofarsu da zaurensu daban.

Mai Aikin Lantarki, Katsina:

Ƙarin da zan yi gajere ne, Malam. Ginin ƙarfe duk jikinsa hanyar wuta ce, don haka waya ɗaya da ta goge ta taɓa ginshiƙi za ta iya sa ƙofa da taga su riƙa ja, yaro kuma da ƙafa ba takalmi yake yawo. A kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa mai laima a haɗa ta da ginin sosai, shago da gida kowanne da akwatin rarraba wutarsa, a sa wa na gida makashin da ke yankewa da kansa idan wuta ta zurare da miliyamfiya 30, wato ko da 'yar kaɗan ce. Sannan ka hana yaranka al'adar maƙala wayar dawowa ta injin walda a jikin ginshiƙin gini. A maƙala ta a jikin abin da ake waldawa, kusa da wurin aikin, domin in ba haka ba wutar za ta nemi hanya ta cikin ginin da siraran wayoyin gida ta ƙona su a ɓoye.

Mai Walda, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na Kaduna, labarinka ya shige ni, domin tsummokaran fenti a bayan tebur suke a shagona yanzu haka. Hajiya, na karanta wa maiɗakina bayaninki, ta ce dama ta faɗa. Na haƙura da ƙofar tsakiya da bangon soso. Injiniya, tambayata ta ƙarshe: idan bangon bulo zai yanke rufin biyu, kowane ɓangare da ginshiƙansa, ashe ba gara in raba ginin gaba ɗaya ba? Fulotin yana kallon gabas ne, titi yana gabansa.

Injiniyan Gini, Zariya:

Gara haka, Malam, kuma ƙafa 100 ta ishe ka. Bayan ka bar tazarar da hukuma za ta gindaya daga titi, ba shago kamar ƙafa 30, ka bar tsakar gida buɗaɗɗiya ta ƙafa 20, sauran ya zama ɗakuna. Bangon bayan shago ya kasance na bulo har sama ba taga ba huda, sauran jikinsa ka yi da ƙarfenka. A gefe ɗaya a fitar da lungu mai faɗin ƙafa 6 daga titi zuwa zauren gida, a katange shi da bulo daga shago, kejin janareta da na tukwane kuma su koma ɗaya gefen, can gaba.

Kallon gabas ɗin yana da matsala guda. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato daga wajen shago zuwa wajen ɗakuna, tsawon watannin da ake shanya da zama a tsakar gida. Saboda haka a buɗe wa shago mafitar iska ta gaba da ta sama, bututun hayaƙi ya ɗara rufin gida tsawo, feshin fenti kuma ina ganin ka nemi wani fili ka riƙa kai shi, domin ƙafa 20 ba ta tare warin tina.

Tunda lungu ɗaya ne hanyar fita kuma yana bi ta gefen shago, dole gidan ya sami mafita ta biyu ta baya ko ta ɗaya gefen. Kai ne mai haɗa ƙarafan taga, ka kuma san yadda suke zama kurkuku ranar gobara, don haka a kowane ɗakin kwana ka yi taga ɗaya mai ƙarfen da ke buɗewa daga ciki da sakata, ba da kwaɗon da za a nemi makullinsa cikin duhu ba, ka koya wa 'yarka mai shekara 9 buɗe shi da hannunta. Ka ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo 9 a bakin shago, wata a zaure, uwargida ma ta iya amfani da ita. Idan mai zane ya gama, ɗora hoton zanen a nan in duba maka faɗin lungun da inda kicin ya faɗo kafin ka kai wa hukuma.